Wasannin da Detlef Ya Ajiye wa Ritaya

Duk wanda ya taɓa hawa bas ɗin da ke tashi daga tashar garin Herne zuwa asibiti ya san Detlef Kowalczyk, ko da bai san sunansa ba. Ƙaton mutum ne mai farin gashin baki, wanda ba ya jiran kowa, ko da ya hango ka a madubi kana sheƙa gudu da jaka a hannu. Ba mugunta ba ce. Shi dai a wurinsa lokaci alkawari ne, alkawari kuwa ba a wasa da shi. Fiye da shekara talatin ya yi a bayan sitiyari da wannan hali, kuma halin ne ya ɗaure shi da kantin Kiste har ya kai shi ya baro.

Kiste ba kanti ba ne mai ƙofa da taga. A intanet yake, wasannin kwamfuta yake sayarwa, yawancinsu tsofaffi waɗanda duniya ta manta da su. Wasu samari ne suka kafa shi, suka yi wa masu saye alkawari guda: abin da ka saya naka ne. Ka sauke shi a kwamfutarka, ka kwafa, ka ajiye a inda ka ga dama, ba mai sake tambayarka komai. Sauran kantuna kuwa aro suke ba ka da sunan sayarwa. Ranar da Detlef ya fara karanta alkawarin nan sai da ya kira matarsa Bärbel daga kicin ta zo ta gani da idonta, ita da ko wasan kati na kwamfuta ba ta yi.

A nan ya tsinci wasan jiragen gishiri. Yana saurayi ya taɓa buga shi a gidan ɗan kawunsa. Ana ba ka ƙaramin jirgin ruwa guda, ka yi ta fataucin gishiri da kifi daga wannan gaɓa zuwa waccan, ba agogo, ba fasinja mai tsaki, ba mai duba ko ka makara. Bai kai ko rabi ba ya samu aiki, daga nan wasa ya bi ruwa. Da ya gan shi a Kiste ya saya nan take, amma bai buɗe ba. Ya ce irin wannan ba a yi masa cin tsaye tsakanin aikin safe da na yamma, sai an zauna. Sai ranar da ya yi ritaya.

Daga nan abin ya zame masa jiki. Duk lokacin da kantin ya yi garaɓasa, ta bazara da ta ƙarshen shekara, Detlef zai saya ya ƙara a kan na da. Wasan gina layin dogo, wasan noma, wasan yaƙin sarakunan da. Ba shi kaɗai ke wannan ba, kowane mai sayen wasa yana da tarin da bai taɓa ba, har zolayar juna suke yi a kai. Amma sauran jin kunyar tarinsu suke yi, shi kuwa alfahari yake da nasa. Wasu direbobi na tanadin ƙaramin lambu a bayan gari, wasu motar yawon hutu. Shi nasa tanadin yana Kiste. Da yamma yakan buɗe shafinsa, ya bi hotunan wasannin da kallo kamar mai zagaya garken da bai isa sayarwa ba, ya rufe, ya je ya ci abinci. Ko ɗaya bai sauke ba. Kwamfutarsa tsohuwa ce, cikinta ya cika, kuma ina amfanin wahala tunda suna hannun masu amana?

Shi ya ja rabin direbobin garejinsu na bas zuwa kantin. Na farko da ya ja shi ne Ayhan, abokin aikinsa tun suna sababbin direbobi, mai shan shayi kofi bayan kofi, mai baki kamar reza. Shekaru suka yi suna yabon Kiste tare a teburin kantin cin abinci na gareji, har mutane suka gaji da su.

Sai samarin nan suka sayar da kantin ga wani babban kamfani. Da farko launin shafin kawai ya canza. Bayan haka tsofaffin wasanni suka koma can ƙasa, sai ka yi ta tono kafin ka gan su, sababbi masu walƙiya da harbe-harbe suka cike gaba. Daga baya aka kawo wata manhaja aka ce ta sauƙaƙa wa mutane ce, wanda ya so ya sa, wanda bai so ba ya bari. Ba a daɗe ba aka fara sayar da wasannin da ba sa tashi sai da ita. Dandalin masu saye ya kama da wuta. Wani ya rubuta cewa an yanka su da wuƙar da suka wasa da kuɗinsu. Wata ta ce ita dai a mayar mata da tsohon shafi, idonta ya gaji. Wasu kuma suka ce masu kukan nan tsofaffi ne da ke son duniya ta tsaya a inda suka bar ta. Detlef ya shiga cikinsu da ƙarfinsa yana kare kantin, yana rubuta dogayen amsoshi da yatsa ɗaya, har ranar da ya ƙosa ya toshe duk wani zaure na masu ƙorafi don kada ya ƙara ganinsu.

A gareji kuwa ba a toshe bakin mutum. Wata rana da tsakar rana, Detlef na cin soseji da soyayyen dankali, Ayhan ya ja kujera ya zauna a gabansa.

"Lauyan Kiste, barka da hutawa. Nawa suke biyanka ne yanzu? Ko har yau kyauta kake musu?"

"Ka sha shayinka, Ayhan."

"Zan sha. Ka ga sabon abin da suka fito da shi? Biyan wata-wata. Ka biya ka yi wasa, ka daina biya a rufe maka ƙofa. Wannan shi ne abin da ka saya naka ne?"

Silke, wadda ke tuƙa bas ɗin jami'a, ta ɗago daga wayarta. "Ni fa ban ga laifinsu ba. Da kuɗin kofi uku ina buga sababbin wasanni iya son raina. In na gama da abu na gama, me zan yi da shi? In kai shi kabari?"

"Ke yarinya ce," in ji Ayhan. "Ku kun saba da haya. Gida haya, mota haya, waƙa haya. Wata rana miji ma hayarsa za ku riƙa yi."

"Da ya fi sauƙi," ta ce, aka kwashe da dariya.

Ayhan bai yi dariya ba. Ya matso ya rage murya. "Babban yaya, bar wasa. Sun ba da sanarwa. Zuwa ƙarshen Satumba duk mai tsohon wasa ya sauke abinsa, bayan nan sun ce ba su da alhaki. Ni na sauke nawa kaf, na rufe asusuna. Ka sayi faifan ajiya ka kwashe kayanka. Zanen aro ba ya rufe katara."

"Ba aro ba ne. Saya na yi."

"To sauke mana!"

"In na sauke, na ce su ɓarayi ne ke nan. Mutanen nan ba su taɓa cuta ta ba. Wannan sanarwa ta lauyoyi ce, dole su rubuta haka. Ku dai ba ku da aiki sai kuka. Kanti ba zai ci abinci ba? Da tsofaffin wasanninku na kwabo-kwabo zai biya ma'aikata?"

"Mutanen da ka sani sun karɓi kuɗinsu sun tafi bakin teku, Detlef. Allon suna kawai ya rage."

Detlef ya ture farantinsa ya tashi, ya ce lokacinsa ya yi. Gaskiyar da bai faɗa ba ita ce maganar ta shige shi. A kan hanya, yana tsaye a jan wuta, ya yi niyyar biyawa kasuwa ya sayi faifan. Amma da ya tuna yadda Ayhan zai washe baki in ya ji, sai ya fasa. Haushi ne ya hana shi, haushin a ce shi da ya kawo kowa shi ne aka yi wa wayo. Ya ce a ransa ai ritayarsa a Oktoba take, zai sayi sabuwar kwamfuta ya yi komai a tsanake, 'yan kwanaki ba za su kashe kowa ba. Mutumin da bai taɓa yafe wa fasinja minti guda ba, shi ne ya ɗauka kamfani zai yafe masa mako biyu.

Aka yi masa walimar sallama a gareji, Bärbel ta kawo kek ɗin tuffa, manaja ya yi jawabi, abokan aiki suka haɗa kuɗi suka saya masa kujera mai taushi ta zaman kwamfuta. Ayhan ya rungume shi ya tambaya a kunne ko ya sauke. Detlef ya ce masa ya bar ɓata biki.

Ranar Litinin ta farko da bai fita aiki ba, ya tashi da sassafe kamar kullum, ya yi aski, ya sa riga mai kyau. Sabuwar kwamfuta na kan tebur. Ya ce wa Bärbel ko gobara aka yi kada a kira shi.

"To, kyaftin," ta ce. "A gaishe da kifi."

Shafin ya ƙi buɗewa sai ya sa manhajar. Ya sa, yana ƙunƙuni. Ta nemi ya amince da sharuɗɗa, ya amince. Ta nuna masa tallar wani wasan aljanu, ta nuna ta biyan wata-wata, sannan ta kai shi ga kayansa. Suna nan a jere, amma fiye da rabi sun dushe sun koma toka-toka. Ya gangara da sauri har ya kai ga jirgin gishiri. Shi ma ya dushe. A ƙarƙashinsa an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa wannan wasa ba ya cikin tsarin kantin na yanzu. Ya danna, shiru. Ya sake dannawa da ƙarfi kamar ƙarfi ne ya rage.

Ya nemi lambar waya, babu. Ya samu wani akwatin hira, ya rubuta bayaninsa tiryan-tiryan, da gaisuwa da cikakken suna. Na'ura ce ta amsa, ta ce ta yi farin cikin jin ta bakinsa, ta tambaya ko yana son wata guda kyauta na sabon tsari. Ya rubuta cewa shi mutum yake nema. Ta ce ta fahimci damuwarsa, ta sake yi masa tayin watan. Ya juya dandalin masu saye, karo na farko a rayuwarsa zai yi ƙorafi, ya tarar an rufe shi tun makon jiya. A gurbinsa fuskoki biyar ne a jere, daga mai murmushi zuwa mai ɗaure fuska, wai ya zaɓi wadda ta dace da ra'ayinsa. Wannan shi ne abin da ya fi ci masa rai. Shekara da shekaru yana zuba musu kalmomi kyauta, ranar da yake da magana tasa ta kansa aka miƙo masa fuskar 'yar tsana.

Sai da ya kwana biyu kafin ya iya zuwa gidan Ayhan. Ya shirya wa gori, har ya tanadi amsa, amma Ayhan bai yi ba. Ya zuba masa shayi, ya ɗauko faifansa ya jona.

"Ɗauki duk abin da kake so, babban yaya. Ga ƙwallo, ga tseren mota, ga dambe."

"Na jirgin gishiri fa?"

Ayhan ya sosa ƙeya. "Wane ne zai sayi wasan dakon gishiri in ba kai ba? Na tambayi matasan gareji ma. Sun ce kamfanin da ya yi shi ya mutu tuntuni, Kiste ne kaɗai suka gyara shi yana tashi a kwamfutar zamani. Ƙila wani a wata ƙasa yana da shi. Za mu cigita."

Sun cigita, ba su samu ba. Silke ta aiko masa da sunan wani sabon wasan jiragen ruwa a tsarin wata-wata, ta ce ya fi nasa kyau nesa ba kusa ba. Ya gwada don kada ta ji ba daɗi. Teku kamar ka sa hannu ka taɓa, amma ko'ina agogo ne ke ƙirga maka, kuma da ka ɗan tsaya sai a ce ka biya a ƙara maka gudu. Ya kashe.

Sauran wasannin da ba su dushe ba ma ya kasa taɓa su. In ya buɗe ɗaya sai ya ji kamar yana zaune a falon wani, mai gida na iya shigowa ko yaushe ya ce tashi. Ya koma bin Bärbel daga ɗaki zuwa ɗaki, yana gyara mata jeren cokula, yana gaya mata ta makara da ɗora tukunya. Ta haƙura har ranar da ya tsaya a taga yana duba agogo, yana faɗa wa gilashi cewa bas ɗin asibiti ya yi latti.

"Detlef," ta ce, "ko ka samu abin yi, ko ni in nemi aiki."

Ya lalubo lambar matar da ke tsara aikin direbobi a gareji. Ya fita baranda da waya, ya ja ƙofa ya rufe, amma ta ji shi sarai, don bai taɓa iya magana a hankali ba.

"Frau Lindner? Kowalczyk ne. Lafiya lau, ritaya da daɗi, sosai ma. Na ce ba, har yanzu kuna neman direban cike gurbi na Asabar da Lahadi?" Ya yi shiru yana saurare. "A'a, ba sai hanyar asibiti ba. Ko wacce ce, ki sa sunana."