Takalmin da na bari a Baleyara

Wata tara ban rubuta komai a nan ba. Masu tambayar ko direba ya mutu, ga ni. Ban mutu ba, ƙafata ta hagu ce ta so ta riga ni.

Na daɗe ina jan mota tsakanin Filinge da Yamai. Ciwon baya kuwa, wane direba ne ba shi da shi? Ran da na ɗaga buhun gero na ji ƙuguna ya ce ƙas, ƙwaya biyu na haɗiye na kama hanya.

Ciwon ya gangara cinya har yatsu. Wanzami ya yi mini ƙaho sau uku. Wata safiya ciwon ya lafa, na ce na warke.

Ashe ƙafar ce ta daina ji.

Da ita nake taka ambarayaj, wato kulocin mota. Na sani, na yi shiru, na ci gaba da cika mota da mutane.

Ranar kasuwar Baleyara na sauka shan ruwa. Wata tsohuwa cikin fasinjojina ta ce, "Ɗana, ina takalminka guda?"

Na duba. Ƙafar tana kan yashin azahar, ba takalmi, ban kuma san inda ya fita ba.

Ta ce, "Da ƙahwag ga kaka jan mu?"

Na miƙa wa wani direba makulli.

A Yamai aka tura ni cikin na'urar hoto da suke kira IRM. Hoton kaɗai ya cinye raguna biyu na matata Rabi. Likita ya ce tsakanin ƙasusuwan baya akwai wani abu mai taushi kamar matashi, nawa ya fashe ya danne jijiya. "Za mu yi maka aiki. Ƙafar kam, ban yi maka alkawari ba."

Ban ji tsoro ba. Gaskiya ban ji komai ba. Rabi tana kuka, ni ina kallon fanka.

Bayan aikin, kullum da safe sai likita ya tsikare ni da allura a ƙafar.

"Ka ji?"

"A'a."

Haka muka yi ta yi har aka sallame ni. Wata uku ina zuwa wajen masu motsa jiki, ina jan ƙafa kamar ta aro.

Da kaka na tafi Tabla wajen Inna. Ta yanka wa iskokin gidanmu jan zakara saboda ni. Ban hana ta ba, ban tambaye ta ba.

Rana ta huɗu na bi ta gona da sandata. Kawai sai na tsaya cak.

Inna ta ce, "Mi as same ka?"

"Ƙarangiya, Inna. A ta hagun."

Ta durƙusa za ta cire. Na ce, "Bar ta tukuna." Nan na yi kukan da ban yi a asibiti ba.

Na gode wa Allah, na gode wa Rabi da Inna da likitocin. 'Yan uwana direbobi, in za ku ɗaga kaya ku lanƙwasa gwiwa. In ciwon baya ya sauka ƙafa, ko ta fara mutuwa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ku ajiye makulli ku tafi asibiti ranar.

Ban koma mota ba tukuna, sai likita ya yarda.

Tsohuwar nan ban san sunanta ba, a Damana take sauka. Wanda ya san ta ya gaya mata takalmana biyu suna ƙafata, kuma ina jin su.