Kazar Ɗori

Shekarar da gero ya bushe a tsaye tun bai fitar da kai ba, kowa ya rame a ƙauyenmu da ke gefen Makoda, ban da maigidana. Ba wani abu yake ci a ɓoye ba, ni ce mai tuƙa tuwon, da na sani. Jikinsa ne haka. Ya yi kokawa da ƙuruciya, da ya bari sai ƙarfin ya koma teɓa, ta zauna daram ko da kwaɗon tafasa aka kwana. Abokan wasansa suna ce masa rumbun tsaye, wai in yunwa ta yi tsanani shi za a fara buɗewa. Yakan yi dariya, amma na san maganar tana cin ransa.

Da bazara ta kama, ya hau rumbu zai gyara jinka, don ɗan irin shukar da muka ɓoye a ciki shi ne duk abin da ya rage mana. Itacen da ya taka ya karye da shi. Ina tsakar gida na ji faɗuwarsa, na fito na tarar ƙwaurinsa na dama ya lanƙwashe a inda ba gaɓa. Ban yi ihu ba. Abin da ya fara zo mini shi ne damina. Yaranmu ba wanda ya isa riƙe fartanya. In ruwan shuka ya sauka bai tashi ba, shekara biyu ke nan a jere ba amfani, gidan kuma sai watsewa: ni da yara gidan iyayena, shi ɗakin wansa.

Aka ɗauko mai ɗori, wani tsoho daga ƙauyen gaba. Ya ja ƙafar, maigidana ya ciji hannun riga, tsohon ya jera kara ya ɗaure da tsumma, ya yi tofi. Sannan ya ce a kawo kaza. Haka al'adarsa take: yakan karya ƙafar kaza, ya ɗora ta tare da ta majinyaci, a riƙa duba ta. Kaza ɗaya ta rage mana, wata baƙa. Ya karya mata ta dama, ya ɗaure da tsinke.

"Ranar da ta taka, kai ma ka taka," in ji shi.

Yana wanke hannu ya dubi cikin maigidana, ya ce cikin raha, "Amma fa Malam, ƙwaurin nan zai sha aiki. Da za ka rage masa kaya, da ya gode maka."

'Yan dubiya suka kwashe da dariya. Tsohon ya tafi abinsa, ina jin kafin ya kai bakin hanya ya manta ya faɗa.

Washegari na kawo wa maigidana kunu, ya ce yana azumi. Litinin ce, ranar azumin nafila, sai na ɗauke kunun. Talata ma ya ce yana azumi. Daga nan abin ya zama kullum. In ya sha ruwa sai ya yi loma biyu ya ture kwanon, sahur kuwa ruwa ne kawai. Ragowar tuwon sai ya marmasa wa kazar, wadda ya sa aka ɗaure masa a gefen tabarma don ya riƙa ganin ta. Ni na niƙa, ni na tankaɗe har dusar ban zubar ba, na rage wa yara don majinyaci ya samu, ga shi kaza tana tsattsaga a gabana. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"Malam," na ce, "da ruwan ciki ake jan na rijiya. Da me ƙashin zai haɗu?"

"Ke ba ki ji abin da mai ɗori ya ce ba?"

"Wasa yake yi maka!"

"Da ya faɗa, wa ya musa?" Ya juya fuska bango. "Nauyina ne ya karya itacen. Ba zan bari ya sake karya ƙafar ba."

Na aika aka roƙo liman. Ya zo ya zauna ya ce masa ko azumin farilla an ɗauke wa majinyaci, balle wannan. Maigidana ya saurara da ladabi, sannan ya ce, "Allah gafarta Malam, ba don lada nake yi ba, don ƙafa nake yi." Liman ya girgiza kai, ya yi addu'a ya tafi.

Ana cewa an je neman ƙiba an samo rama. Shi ramar ya je nema, ya kuwa same ta. Teɓar ta tafi, ta bar fata tana reto. Damatsan da suka kayar da maza suka zama kamar muciya. Ɗorin ya riƙa yin sako-sako, ina ƙara ɗaure shi, shi kuwa murna yake yi, wai alama ce kaya yana raguwa. Abokan wasan da suka zo dubiya ba wanda ya ƙara ce masa rumbu. Gaisuwa kawai suke yi su fita da sauri.

Kaza kuwa ta yi ɓul-ɓul, gashinta har sheƙi yake. Wata safiya ta sauke ƙafar, ta taka, ta yi tafiyarta kamar ba abin da ya taɓa samun ta. A makon ne ruwan shuka ya sauka. Gari ya waye da ƙanshin ƙasa, ana jin maza suna kiran juna a hanyar gona. Maigidana ya ce in miƙo masa sungumi. Na ce a jira mai ɗori ya zo ya duba. Ya nuna kazar da baki.

Da hannunsa ya kwance ɗorin. Ya dafa sungumin ya miƙe, ya tsaya a kan ƙafar hagu yana murmushi, sannan ya sauke nauyinsa, ɗan abin da ya rage, a kan ta dama. Ƙafar ta naɗe kamar ɗanyen kara. Wannan karon na yi ihu.

Wansa ya kai shi asibiti a Kano cikin motar kasuwa. Likita ya duba hoton ya ce ƙashin ko kama hanyar haɗuwa bai yi ba, jikin da ba ya samun abinci ba shi da abin da zai yi gyara da shi. Sun yi iya yinsu. Ƙafar ta haɗu daga baya, gajera, a karkace, bai ƙara yin noma ba. Gonar ni da wansa muka shuka rabinta a makare, rabin ya zama ciyawa. Kafin kaka na tura yara biyu wajen innata, ƙaramin bai dawo ba, ƙyanda ta same shi ba jiki, ta tafi da shi.

Ranar da aka dawo da shi daga asibiti, na kama kazar na kai wa maƙwabci ya yanka. Na dafa ta da gishiri da ɗan barkono, na ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallon kwanon.

"Baƙar ce?" ya ce.

"Ita ce. Ci, Malam. Abincinka ne, a jikinta ka ajiye shi."

Ya sa hannu ya ɗauko ƙafar dama. Ya ci naman, ya riƙe ƙashin yana shafa ɗan ƙullin da ke tsakiya, inda ya haɗu sumul. Sai ya miƙo mini kwanon ya ce in ƙara masa romo.