Muryar 'Yar Fari

'Yata ta fari na da shekara shida aka kai ta riƙo Kebbe, wurin surukata. Ni na sa mata manhajar saƙon yara a wayar gidan, irin wadda uwa ke zaɓen waɗanda yaro zai yi magana da su. Na sa gwaggonta, na sa kawunta. Da na zo kan sunana, surukata na kallona, kunyar 'yar fari ta riƙe mini hannu, ban sa ba.

Na dawo Tambuwal, saƙonninta na biyowa ta wayata don in duba. Kowa na samun nasa, ni sai saurare. Ranar da haƙorinta ya fita, gwaggonta ta gaya wa, sannan ta tambaye ta, "Gwaggo, wai Inna ba ta da waya ne?"