Yatsan da Na Zana a Cikin Tiya

Lokacin da abin nan ya faru ina aji huɗu a sakandaren jeka-ka-dawo, a wani gari da ke kan hanyar Funtua zuwa Malumfashi. Yarinya ce ni mai kunya ƙwarai, ko a aji malami ya kira sunana sai in sunkuyar da kai. Abin da Allah ya hore mini shi ne ido. Ina daga lungu zan lura da yadda wani ke ɗaga gira in zai yi musu, ko yadda ɗankwalin wata ke zamewa duk sanda ta yi dariya. In na koma gida sai in zana su a bayan littafi, in ƙara wa hanci tsawo, in ƙara wa kunne faɗi. Tun ƙawayena na dariya har aka fara ba ni aiki. Amarya ta sa in zana ta da ƙawayenta, maƙwabtanmu Kirista su sa in yi musu katin Kirsimeti mai ban dariya, a ba ni abin sayen fensir da takarda. A ƙasan kowane zane nakan sa 'yar ƙaramar zabuwa a madadin suna, don ina jin nauyin a ga sunana.

Ana saura mako guda cika-ciki, wata maƙwabciyarmu mai tuyar awara, wadda muke ce wa Inna, ta aiko a kira ni. Ta ce tana da taubashi, ɗan kawunta, tsohon nan mai awon hatsi a kasuwarmu ta mako. Ta ce shekara da shekaru yana yi mata tsiya irin ta taubasai, bara har gida ya zo ya ce awararta ta fi tayar keke tauri, to bana sai ta rama. Ta ce in zana mata shi da tumbi kamar buhun masara, hula a karkace, yana fama da cinyar kaza, ita kuma ranar cika-ciki za ta kai masa da hannunta. Iyakar abin da ta nema ke nan.

Na san tsohon, don wurinsa Umma ke aikena awo. Na kuma daɗe da lura cewa in yana awo, babban yatsansa na dama kullum a lanƙwashe yake a bakin tiya, ta ciki. Ban taɓa tambayar dalili ba. Da na gama tumbi da kaza sai na ga zanen bai kai yadda nake so ba, sai na sa masa tiya a ɗaya hannun, na ja yatsan nan ya yi tsawo da kauri kamar taɓarya, ya sauka har gindin tiyar, ya cinye rabin wurin masara. Na zauna ina kallo ina jin daɗin kaina. Wallahi ban kawo a raina cewa yatsa a cikin tiya, a idon mai saye, tauye mudu ne ba.

Inna ta yi dariya har da hawaye, tumbin ya ɗauke mata hankali, ko yatsan ba ta kula ba. An ce shi ma da ta kai masa zanen, dariya ya yi, ya ce ai ko a takarda ya fi ta kyau, ya naɗe ya sa a aljihu. Sai dai kafin ta kai, 'yarta ta ɗauki hoton zanen a waya ta tura wa ƙawayenta. Cikin kwana uku ya shiga wayoyin 'yan kasuwa da masu sayar da abinci, har Bakori aka gan shi. Masu kallo ba su san Inna ba, ba su san wasan taubasai ne ba. Wani ma ya yanke ɓangaren kazar, ya bar fuska da hannu da tiya, ya rubuta a ƙasa cewa asirin masu tauye mudu ya tonu. Zabuwata kuwa tana nan a gefe, ba a yanke ta ba.

Ran kasuwa Umma ta aike ni awon dawa. Na tarar da rumfarsa fayau, wurin da a da sai ka jira layi. Yara na wucewa suna ɗaga masa babban yatsa, wata mai tuwo-tuwo na faɗa da ƙarfi cewa ita dama ta daɗe tana ganin awonsa ba ya auki. Ya auna mini, ya yi mini gyara kamar kullum, ya tambaye ni ya jikin Ummata. A nan na ji ana cewa kasuwa mai zuwa dattawan kasuwa za su zauna su yanke ko za a karɓe rumfar, 'ya'yansa kuma na neman mai zabuwa ruwa a jallo. Inna ta je ta yi bayani, ta kuma ɓoye sunana, amma aka ce ai taubashiyarsa ce, dole ta rufa masa asiri, wanda ya yi zanen shi ya ga abin da ya gani.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan makon ba. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gidanmu sai in leƙa in ga ko 'ya'yansa ne, duk sallamar namiji a zaure sai in shige ɗaki in tsaya bayan ƙofa. A makaranta wata ta dube ni ta ce kamar ta san zabuwar nan, na yi sauri na bar wurin. Na kwashe littattafan zanena na riƙa cusa su a murhu ina girki. Tokar takarda Umma ta gani, ga shi kuma ba na cin abinci, sai ta zaunar da ni jajiberin kasuwa da la'asar, na faɗa mata komai ina kuka. Da Baba ya ji bai ɗaga murya ba. Sai dai ya ce mutuncin tsohon nan ya fi kunyata nauyi, gobe tare za mu.

Washegari muka je rumfar dattawan kasuwa. Maza ne cike, 'ya'yansa na gefe suna hararata. Na durƙusa bayan Baba, sau uku ana ce mini in ɗaga murya. Na ce ni na zana, ba wanda ya sa ni in ƙara yatsan, kuma ban taɓa ganin ya tauye awo ba. Wani dattijo ya ce to 'yar nan, ina kika samo shi? Na ce a hannunsa na gani. Sai mai awon ya miƙo hannunsa, kowa ya duba. Ya ce bel ɗin injin niƙa ne ya kama yatsan tun yana saurayi, ya ƙage, ba ya miƙewa. Aka sa ya yi awo aka juye a tiyar wani, ta cika har tana zuba. Aka bar masa rumfarsa. Da za mu tafi ya kira ni, ya ce ya yafe, tumbin ma na yi shi daidai, amma da na tambaye shi da ya ba ni labarin yatsan kyauta.

Na sake zana hannunsa yadda yake, na rubuta gaskiyar magana da cikakken sunana, aka tura a waya. Wannan bai yi tafiya ba, ba wanda ya kai shi Bakori. Wasu masu awo sun dawo masa, wasu har yau ba su dawo ba.

Ina roƙon duk mai zanen barkwanci, musamman irina masu karɓar aiki a hannun mutane, ku ji wannan daga gare ni. Kada ka ƙara abin da ba a nema ba don kawai idonka ya gani. Kada ka girmama wani abu a jikin mutum in ba ka san dalilinsa ba, ka tambaya tukuna. Ka tuna wasan da ya halatta tsakanin taubasai ba na duniya ba ne, waya kuwa ba ta san taubashi ba. Zanen da kake jin tsoron sa wa sunanka, kada ya fita daga hannunka. Na ci gaba da zane, kuma har yanzu wurin tsohon nake awo. Sai dai ya canja riƙo, da hannu biyu yake tallafar tiya ta ƙasa, a hankali, yatsan a ɓoye. Duk ran kasuwa sai na gani.