Na Gaba Ba Sa Ja

Idan hukuma ta karɓe motar mutum don aikinta, ta kuma tilasta masa tuƙi, wajibi ne a kanta ta mayar da shi gida da lafiyar da ya fito da ita. Wannan haƙƙi aka tauye wa wani dattijo direba ɗan Gaya a gaban idona, zamanin mulkin soja, ina sakatare a ofishin sufurefe, wato shugaban gundumar.

Damina ce. An aike ni Bengou duba gonakin shinkafa da ruwa ya ci, tare da wani sarjan da sojoji biyu. Motar ofis ta lalace, sai aka tare kat-kat ɗin dattijon, mota mai ja da tayoyi huɗu, a tasha, aka sauke masa kaya. Kafin mu tashi ya shaida mana cewa krabo ɗinsa ya gaji. Krabo wani ƙarfe ne mai haƙora a cikin ƙaramar bwat, wato ƙaramin akwatin giya na ƙarƙashin mota. Idan an ja sandarsa, yana kama sandar tayoyin gaba ya haɗa ta da ta baya, ƙarfin inji ya rabu biyu, tayoyi huɗu su ja tare. Idan haƙoran sun cinye, sai ya zame, ƙarfin duka ya koma baya. Sarjan ya ce ba karatu ya zo ɗauka ba.

A wata fadama muka kafe. Tayoyin baya suna ta watsa laka, na gaba suna tsaye. Manoma suka bar hauyoyinsu suka zo taimako. Dattijo ya leƙo ta taga ya ce musu, "Ku tura, 'yan'uwa. Na gaba ba sa ja, na baya ke shan wahala."

Manoman suka yi dariya. Dariyar nan ce ta jawo abin da ya biyo baya.

Sarjan ya tambaye shi, "Tsoho, su wa ne na gaba?"

"Tayoyi, ranka ya daɗe."

"Tayoyi ke mulkin ƙasar nan?"

Ya finciko shi waje, ya buge masa baki da gindin bindiga. Na ga haƙoransa biyu sun faɗa cikin laka. Sojojin suka kwantar da shi suna harbinsa da ƙafa a haƙarƙari. Na ce, "Sarjan, maganar mota yake yi, ni shaida ne." Ya mare ni har tabarauna ya fashe. Daga nan ya ɗora hannun daman dattijon a kan ƙarfen taya, ya yi ta dukansa har yatsun suka karye. Manoman ne suka fitar da motar, soja ɗaya ya tuƙa.

An tsare dattijon bisa laifin zagin hukuma a bainar jama'a. An umarce ni in buga wannan laifi a takarda, na ƙi, aka sa wani ya buga. Da ya fito, hannun ya shanye, bai sake riƙe sitiyari ba, kuma ba wanda ya yarda ya ɗauki mai irin wannan tabo aiki, ko da gadi ne.

Yana raye, manoman kuma wasunsu suna nan. Ina roƙon hukumar shari'a, cikin girmamawa, ta buɗe bincike, ta saurare mu, ta goge laifin daga sunansa, ta biya shi diyyar hannunsa.