Lambar Aro

Ko na bar aikin banki, ba zan manta da wata Alhamis da Hajiya Tabawa ta zo mana daga Zango ba. Lokacin ina teburin tura kuɗi ƙasashen waje a reshenmu na Daura. Ɗanta na kwance a wani asibiti a Masar, likitoci sun ce ba za su yi masa aikin ƙoda ba sai kuɗi sun shiga.

Kowane banki a duniya da lambarsa, mu suwif muke ce mata. Ita ke nuna ƙasar da bankin. In aka sa ta wani bankin, kuɗi sai su yi ta gararamba kafin su dawo. Ƙa'ida kuma ta hana mu cika wa mutum da ka, dole ta fito daga mai karɓa.

Ina dubawa na ga wadda ta kawo ba ta bankin asibitin ba ce.

"Hajiya, ina kika samo wannan?"

"Wurin maƙwabciyata na aro, nata ɗan yana karatu can. Ba duk Masar ba ce?"

Bankunan Masar ba sa aiki Juma'a da Asabar, mu kuma Lahadi muna hutu. In ta wuce yau, sai Litinin. Ga manaja yana ta leƙowa, wai an kusa rufe tura kuɗi na yau.

"To kira ɗan naki mana, ya tambayi asibitin."

Ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi. Ashe ɗan fari ne. Tunda ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunansa ba, balle ta buga masa waya. Kunyar ce ta kai ta aro. Wallahi haushi ya kama ni, amma me zan ce wa sa'ar uwata?

Na karɓi wayarta na kira da kaina. Ina ta kai da komo, ba a ɗauka ba. Na sake, na kuma sakewa. Can ya ɗaga, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya sa aka karɓo lambar daga ofishin asibitin, na tura ana dab da rufewa.

Sai ya ce, "Inna na kusa?"

Na miƙa mata. Ta kau da kai, hawaye na bin kumatunta.

"Ce masa ya riƙa cin abinci."

Shi ya sa nake gaya wa sababbin ma'aikata, ba a aron lamba. Amma in mutum ya kawo ta aro, kada ku yi saurin cewa jahilci ne. Ku fara gano wanda ya kasa kira.