Buhun Ajiyar Jibrin

Ranar kasuwar Kalgo jakin aro ya kada ni a gaban masu sayar da kifi, rabin buhun gero ya biyo ni ya danne mani ƙafa. Mata suna salati suna dariya. Ina ɗaga kai, wa zan gani tsaye da ƙaton rawani? Jibrin, mai geron. Shi kuwa nake shirin bi har Gwandu in mayar masa da abinsa.

Jibrin taubashina ne, ɗan kawuna, don haka tun muna yara ba ma raga wa juna. Aikinsa allurar shanu. Fulatanci a nono ya sha shi, Larabci kuma a zauren malam, da taimakon bulala. Lokacin da fari ya faɗa wa yammacin Sudan a 1985, wata ƙungiyar agaji ta nemi wanda ya san makiyaya kuma yana jin Larabci, ta ɗauke shi. Muka cika gari da cewa Jibrin ya tafi ƙasar waje, ni har na fara shafa wa wuyan hannuna mai saboda agogo. Daga Sudan aka wuce da shi Somaliya. Sai a 1993 ya dawo, tsarabar tasa kuwa rawanin nan ne da shan gahawa mai ɗaci.

Sai labari ɗaya da nake so. Ya ce a sansaninsu akwai dattawan makiyaya da shanunsu suka mutu kaf. Ana rabon dawa, amma ba za su shiga layi surukansu na kallo ba. Sai su zauna gindin itace suna sakace, wai sun ci sun ƙoshi, iyalinsu kuwa suna ramewa. Jibrin ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa.

"Baba, ɗakin ajiyarmu ya cika. Ka taimaka ka riƙe mani buhun nan amana. Sai dai ƙwari na shigarsa, a riƙa ɗiba daga sama kada ya lalace."

Kowane dattijo ya murtuke fuska ya ce to, tunda roƙonsa aka yi.

Daminar 1994 ruwa ya cinye mani shinkafar fadama, ko iri ban tsira da shi ba. Gida ya yi tsit, Kulu matata tana dafa kunu kamar ruwan wanki. Ni kuwa ina ƙofar gida da tsinke a baki, duk wanda ya gifta in ja shi da ba'a. Rannan sai ga Jibrin bisa babur da buhun gero.

"Taubashi, rumbuna na yoyo. Ajiye mani. A riƙa ɗiba, kada ya yi fumfuna."

Na ce masa mutumin da ya zaga duniya ya kasa yaɓe rumbu! Na karɓa ina yi masa gori.

Muna ci, har ranar da nake ba da labarin dattawan Sudan a teburin mai shayi, ina kwaikwayon sakacensu, ana faɗuwa don dariya. Sai Umaru mai shayi ya ce, "Malam Sule, kai ma ba ajiyar Jibrin kake yi ba?"

Na dire kofin shayin. Shi ne na ari jaki.

Yanzu ga ni kwance a ƙasa, Jibrin ya zo duba shanun kasuwa ya tarar da ni. Na miƙe ina kaɗe riga.

"Kwashe geronka! Ni za ka yi wa dabarar Sudan? An ce maka ni ɗan gudun hijira ne?"

Ya sunkuya ya tsince ƙwayoyin da suka zube, ya ɗaure bakin buhun, ya mayar da shi bayan jakin, ya juya kan jakin ya fuskanci gidana.

"Taubashi, dattawan can garke guda-guda sunka rasa, kuma sunka karɓa. Kai gonar da ba ta fi tabarma ba ka rasa. Geron na Kulu da yara ne. Kai ba don kai na kawo ba, sakace ya ishe ka."